Tabo mai tsiro: in an yanke, gashi za a bi da shi ko allura?

Ƙanwata tana da shekara 19 ta ƙara huji na biyu a kunnenta na hagu, ana saura mako biyu bikin wata ƙawarta. Hujin ya ɗan yi ruwa, ya warke, aka manta da shi. Bayan wata huɗu ko biyar sai ga wani ɗan ƙululu a bayan kunnen, mai sheƙi, mai tauri, bai fi ƙwayar dawa ba. Kafin shekara ta zagayo ya kai gurjiya. Da zafi ya taso sai ƙaiƙayi, wani lokaci kuma ya riƙa tsikararta kamar ana soka mata tsinke. Ta koma ɗaura ɗankwali har ƙasan kunne. Goggonmu ta ce a ɗaure gindinsa da zare ya bushe ya faɗi, Allah ya sa ba a bi ta tata ba. Sai dai abin da muka yi bai fi nata da nisa ba. Muka kai ta wani ƙaramin asibitin kuɗi, aka yanke cikin minti ashirin, aka ɗinke, aka ce ta dawo cire zare. Babu wanda ya ce mana akwai sauran aiki bayan cire zare. Wata takwas tsakani abin ya dawo, ya kai goro, har ya leƙo ta gaban kunnen.

A wannan karo na biyu ne wani likitan gyaran fata ya zaunar da mu, ya ce zai sake yankewa amma da sharaɗi: ko dai a bi yankan da gashi, wato haska wurin da wata na'urar asibiti ta musamman, cikin kwana ɗaya zuwa uku, ko a bi shi da allura wata-wata. "Ku je ku yi shawara," in ji shi. Mun fita ba mu san me za mu auna da me ba. Abin da na tattara tun daga ranar shi na zuba a nan, don wanda aka ba irin wannan zaɓi ya san inda zai kama.

Likitoci suna kiran wannan tabo kiloyid. Wani likitan fata Bafaranshe, Jean-Louis Alibert, shi ya raɗa masa sunan a farkon ƙarni na 19, daga kalmar Girkanci mai nufin ƙafar ƙaguwa, saboda yadda yake miƙa yatsu cikin lafiyayyar fatar da ke kewaye. Nan ne bambancinsa da tabon da ya yi tudu kawai. Mai tudu yana tsayawa iyakar inda aka ji ciwon, kuma yakan kwanta da kansa cikin shekara ɗaya ko biyu. Kiloyid yana ƙetare iyaka, ba ya kuma kwanciya don an ƙyale shi. Ƙwayoyin da ke saƙa naman tabo ne ba sa jin an ce aiki ya ƙare, sai su ci gaba da zuba zaren da ake kira kolajin, wurin yana ta kumburi a ƙarƙashin fata. Ya fi kama masu baƙar fata da mutanen Asiya, ya fi tasowa tsakanin shekara 10 da 30, kuma yana bin jini: in ka duba dangin mai shi, sau da yawa za ka sami wani. Hujin kunne, lambar rigakafi a kafaɗa, ƙuna, ƙarambau, ƙurajen ƙirji da na gemu, tsagar wanzami da ƙaho, ɗinkin haihuwa a mara, duk ƙofofinsa ne.

Tunda ciwo ne ke haifar da shi, wuƙar likita ma ciwo ce. Shi ya sa yanka tsurarsa ya zama mafi munin zaɓi. Alkaluman da littattafan likitanci ke maimaitawa sun ce tsakanin kashi 45 da kashi 100 cikin 100 na waɗanda aka yanke ba a bi su da komai ba suna dawowa, sau da yawa kuma su fi na da girma, don sabon ciwon ya fi tsohon tsawo. Duk wanda ya ce zai yanke maka kiloyid bai kawo maganar abin da zai biyo baya ba, ka ɗauki takalminka.

Yadda gashin yake

Kalmar kanta tana tsorata mutane. Da Umma ta ji an ce gashi, tambayarta ta farko ita ce, "Ciwon daji ne da ita kuke ɓoye mini?" Wasu kuma suna ɗauka irin gashin ƙashi ne da ake yi wa masu ciwon baya da fitila mai ɗumi. Wannan na'urar masu ciwon daji ce, gaskiya, amma babu wuta a ciki, babu zafi, mutum ba ya jin komai lokacin da ake yi. Ana kwantar da shi, a zana iyakar ɗinkin da ɗan gefe kaɗan, a rufe sauran wurin da farantin dalma, ma'aikata su fita, na'ura ta yi ƙara na 'yan mintoci, shi ke nan. Ba ya fitowa da wani haske a jikinsa da zai cutar da iyali, ba ya amai, gashin kansa ba ya zuba, sai dai in wurin da aka gasa mai gashi ne kamar gemu ko ƙeya.

Aikin gashin shi ne ya dakatar da waɗannan ƙwayoyi masu saƙa da ƙananan jijiyoyin jinin da ke ciyar da su, a daidai lokacin da suka yunƙuro za su fara yaɗuwa. Wannan lokaci kwanakin farko ne bayan yanka. Don haka ake so a fara cikin awa 24, in an makara kada a wuce awa 72. Ku riƙe wannan magana, don ita ce ginshiƙin duk shawarar, zan kuma dawo kanta.

Ma'aunin gashi ana rubuta shi Gy a takardar asibiti. Mai ciwon daji yakan karɓi 50 zuwa 70 cikin mako biyar zuwa bakwai, kuma ana nufin ya ratsa can cikin jiki. Na kiloyid bai kai rabin wannan ba, kuma fata kaɗai ake nufi. Asibitin makarantar likitanci ta Nippon da ke Tokyo, inda Farfesa Rei Ogawa ya shafe shekaru yana wannan aiki, sun tsara nasu bisa wurin da tabon yake: ƙasan kunne 8 a zama ɗaya, ƙirji da allon kafaɗa da mara 18 a zama uku cikin kwana uku, sauran wurare 15 a zama biyu. Wasu asibitocin suna da nasu lissafin, amma duk ba su wuce 'yan kwanaki ba.

Na'urorin ma iri-iri ne, kuma ya kamata a tambaya. Akwai wadda ke harba ilektiron, wanda ƙarfinsa ke ƙarewa cikin santimita biyu zuwa uku, ba ya isa ga huhu ko zuciya. Akwai ƙaramar na'urar eksire ta fata. Akwai kuma gashin kusa, inda likitan tiyata zai bar ɗan siririn bututu a cikin ɗinkin ko a ɗora a kansa, a zura ƙwayar iridiyom 192, wani ƙarfe mai fitar da hasken gashi, ta bi ta ciki na ɗan lokaci sannan a zare. Tsohuwar na'urar kobal, wadda aka yi don ciwon da ke can ciki, haskenta yana ratsawa da nisa, ba ita aka fi so a wannan aiki ba.

Me ake samu? Wani nazari da aka buga a 2017, wanda ya haɗa bincike 72 da tabo sama da 9,000, ya nuna kashi 22 cikin 100 sun dawo bayan yanka da gashi. In an gasa ba tare da an yanke ba, kashi 37. Gashin kusa ya fi sauran, kashi 15, ilektiron da eksire kowanne 23. Ƙirji ya fi ko'ina taurin kai. Mutanen Tokyo sun ce nasu ya sauko ƙasa da kashi 10, amma su ba gashi kaɗai suke yi ba: suna ɗinke naman ƙasa ta yadda fata ba za ta ja ba, suna karya dogon ɗinki ya zama zigzag, suna liƙa filasta wata da watanni, kuma da sun ga wuri ya fara tauri sai su afka masa da magani. Ma'ana, ko a hannun gwanaye, gashi yana rage dawowa ne ƙwarai, bai kashe ta ba.

Yadda allurar take

Maganin da aka fi amfani da shi sitiroyid ne mai suna tirayamsinolon, wanda ake sayarwa da sunan Kenacort ko Kenalog. Ana yin sa a cikin naman tabon kansa, ko a bakin ɗinkin bayan an yanke, duk mako huɗu zuwa shida. Na nanata a cikin tabon, don na ga wanda mai kemis ya yi wata uku yana zuba masa Kenacort a ɗuwawu da sunan maganin kiloyid. Fuska ta kumbura, tabo yana nan daram.

Allurar tana da zafi, kada wani ya ruɗe ku. Tabon da ba a yanke ba tauri gare shi kamar ƙirgi, likita sai ya danna da ƙarfin hannu kafin ruwan ya shiga, wurin ya yi fari fat na ɗan lokaci. Ko ƙanwata da aka yi wa a bakin ɗinki, na riƙe hannunta a zaman farko bayan aiki, farcenta ya bar mini shaida. Ana haɗawa da maganin kashe zafi, kuma daga zama na biyu ko na uku naman yakan yi laushi abin ya sassauta. A sabon ɗinki zafin bai kai haka ba. Abu na farko da ke tafiya shi ne ƙaiƙayi da tsikara, wani lokaci tun daga allurar farko, sannan tudun ya fara kwanciya.

Illarta a baƙar fata a fili take. Wurin yakan yi fari, wani lokaci farin ya miƙe kamar reshe ya fita daga tabon. In maganin ya zurare ƙarƙashin fata, wurin ya loɓa. Yawanci launin yana dawowa cikin watanni bayan an daina, loɓawar ce ke daɗewa. Ga mata, al'ada takan rikice. Mai ciwon suga sukarinsa yakan hau. In tabon babba ne, maganin da zai ishe shi ya yi wa jiki yawa, shi ya sa allura kaɗai ba ta iya wa faffaɗan kiloyid. Likitoci da dama yanzu suna gauraya shi da wani magani, 5-FU, wanda asalinsa na ciwon daji ne. Gaurayen ya fi sitiroyid zalla kwantar da tabo, ya kuma rage farin, amma ba a yi wa mai ciki ko mai shayarwa.

Babban raunin allura dai ba a cikin kwalbar yake ba, yana ga mai karɓa. Zama shida, takwas, wani har shekara yana zarya. Mutum ya zo sau uku, ya ga wuri ya kwanta, ga zafi ga kuɗin mota, sai ya ɗauke ƙafa. Bayan wata shida ya dawo da tsiro a hannu.

Kunne daban, ƙirji daban

Nan ne na ga mutane suna kuskure, suna tambayar wanne ya fi kamar amsar ɗaya ce ga jiki duka. Kiloyid yana son wurin da fata ke ja. Ƙirji yana buɗewa da rufewa da kowane numfashi da kowane ɗaga hannu. Kafaɗa da allon baya haka. Mara tana naɗewa duk lokacin da aka zauna. Ƙasan kunne kuwa a sake yake, babu abin da ke jan sa, kuma ana iya matse shi gaba da baya da ɗan kunne na musamman mai faranti biyu, wanda ake sawa yawancin yini har wata shida zuwa shekara.

A 2016 an buga wani nazari da ya tattara binciken da aka yi kan kiloyid na kunne kaɗai. Yanka da allura, kimanin kashi 15 suka dawo. Yanka da gashi, kashi 14. Kusan kunnen doki. To in haka ne, mai kiloyid a kunne wadda ke iya zuwa asibiti duk wata, ban ga dalilin da zai sa ta ɗauki hanyar wani gari neman na'ura ba. Allura da matsi sun ishe ta gwaji na farko. Ko wadda aka taɓa yanke wa ya dawo, kamar ƙanwata, sai a tambaya: an bi yankan da wani abu? In ba a bi ba, allura ba ta gaza ba tukuna, don ba a gwada ta ba.

Ƙirji wani labari ne. Wani maƙwabcinmu direban babbar mota, mutum mai shekara arba'in da 'yan kai, yana da shi a tsakiyar ƙirji, ya faro daga ƙurji ɗaya tun yana saurayi, ya miƙe hagu da dama har ya kai faɗin tafin hannu. Tsakiyar ta yi rami tana tara datti, duk bayan 'yan watanni ta kumbura ta fashe da mugunya. Bel ɗin mota yana goga masa, ba ya iya kwanciya rub da ciki. An yi masa allura a warwatse, yau yana Legas gobe yana Maiduguri, ba ta yi komai ba. Irin wannan, in dai za a yanke, gashi ne abokin tafiyar. Girman ya fi ƙarfin allura, wurin ya fi ko'ina dawowa, shekarunsa sun rage damuwar illa ta nesa, sana'arsa kuma ba ta barin sa zaryar wata-wata amma tana iya ba shi mako guda ya gama komai.

In tabon ƙarami ne kuma, kamar ƙwayar wake a kafaɗa ko 'yan ƙanana a muƙamuƙi, ni a ganina wuƙa ma ba ta taso ba. A yi allura, a liƙa fallen silikon, a ga abin da wata shida zai yi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Akwai kuma daskarar da tabo da ruwan naitirojin mai tsananin sanyi. Yana aiki a ƙananan tabo, sai dai sanyin yana kashe ƙwayoyin launi, a baƙar fata yakan bar farin tambari da ba lallai ya koma ba. Na'urar hasken lesa tana rage ja da ƙaiƙayi, ita kaɗai ba ta hana dawowa, ga tsada.

Maganar ciwon daji

Ba zan kauce mata ba, don ita ce ke hana mutane barci. Hasken gashi yana iya jawo ciwon daji bayan shekaru masu yawa, wannan tabbas ne a ilimin likitanci. Tambayar ita ce nawa ne haɗarin a wannan ɗan ma'auni da ake ba fata. A 2009 Ogawa da abokan aikinsa sun bi rahotannin likitoci tun daga 1901, suka sami mutum biyar da aka danganta ciwon dajinsu da gashin kiloyid, ciki har da na nono da na halittar gaban wuya wadda in ta kumbura muke kira maƙoƙo. Biyar cikin sama da shekara ɗari kaɗan ne ƙwarai. Amma kada a karanta shi kamar babu. Ba kowa ake bibiya shekara ashirin ba, ba kuma kowane likita ke rubuta abin da ya gani ba. Abin da za a iya cewa da gaskiya shi ne haɗarin ƙarami ne, yana ƙara ƙanƙancewa in an kare gaban wuya da nono da dalma, kuma ya fi nauyi ga mai ƙananan shekaru, don jikinsa yana girma kuma yana da dogon zamani a gaba da illa za ta iya bayyana.

Shi ya sa ba a gasa yara sai in babu makawa, ba a gasa mai ciki sam. Budurwa mai kiloyid a kan nono ko dab da shi, da duk mai shi a gaban wuya, su ne zan ce su zauna da likitan gashin kansa, ba likitan tiyata kaɗai ba, su ji yadda zai kare wurin kafin su sa hannu. Matar da nata ke kan ɗinkin haihuwa kuma tana sa ran wani cikin, akwai dabara: in za a sake yi mata aiki, a cire tabon a lokacin, a tsara abin da za a bi da shi tun kafin ranar.

Illolin kusa sun fi wannan yawan faruwa, su ne kuma ba a cika faɗa ba. Wurin yakan yi ja ko ya yi saɓa a makonnin farko. A fatarmu yakan yi duhu, wani murabba'i baƙi daidai girman tagar dalma, yana dusashewa a hankali cikin watanni, wani lokaci bai gama tafiya ba. Ɗinki yakan yi jinkirin kamewa, jefi-jefi ya buɗe. To ga cinikin: allura tana barin fari da loɓawa, gashi yana barin duhu. Wanda ke neman wurin ya koma kamar ba a taɓa komai ba, babu ɗayansu da zai ba shi wannan. Abin da ake nema shi ne tabo kwantacce, marar ƙaiƙayi, wanda riga ko ɗankwali ba sa fama shi.

Awa 72 da hanyar mota

Na ce zan dawo. Alkaluman nan masu daɗin ji galibi an same su ne a asibitocin da ɗakin tiyata da ɗakin gashi ke ƙarƙashin rufi ɗaya, a yanke da safe a gasa da yamma. A Najeriya cibiyoyin gashi ƙidayayyu ne ga al'umma sama da miliyan 200. Akwai a asibitocin koyarwa na Zariya da Sakkwato, da Babban Asibitin Ƙasa a Abuja, da Legas, Ibadan, Inugu da wasu 'yan wurare. Nijar ta buɗe cibiyarta ta farko a Yamai a 2021. Gana tana da asibitin Korle Bu a Accra da na Komfo Anokye a Kumasi. A ko'ina cikin waɗannan ƙasashe layin masu ciwon daji dogo ne, kuma su ne a gaba, haka ya dace. Na'ura kuma takan tsaya, gyaranta ba na yini ɗaya ba ne.

Maƙwabcin nan namu an sa masa rana, ya ajiye mota, ya tafi da ƙaninsa wani gari mai nisan awa biyar. Ana gobe aiki aka ce na'ura ta tsaya. Likitan tiyatar ya ce ba zai taɓa shi ba. Ya dawo yana ta faɗa, kuɗin mota da na masauki sun tafi a banza, har yana cewa da ya sani da ya je inda za a yanke masa kawai. Na ce masa, "Malam, wannan likitan ya yi maka gata." Da an yanke aka sallame shi da takardar ya je ya nemi gashi, da kafin ya sami layi mako biyu sun wuce, ya tashi da ciwo mai tsawon taƙi a wurin da ya fi ko'ina tsiro, babu abin da ke tsare shi. Bayan wata biyu aka kira shi, aka yanke ranar Litinin, aka gasa Litinin ɗin da yamma da Talata da Laraba.

Don haka kafin a zaɓi gashi, tsarin ya zama a juye: a fara ganin likitan gashi, ya duba wurin, ya yarda zai yi, ya faɗi irin na'urar, a biya, a sa rana da awa, sannan a sa ranar yanka ta dace da ita. A tambayi likitan tiyata ƙarara, in aka wayi gari na'ura ba ta aiki, zai ɗage ko zai yanke? In ya ce zai yanke ya bi da allura, wannan ma amsa ce mai ma'ana ga kunne ko ƙaramin tabo. Ga faffaɗan na ƙirji, ɗagewa ta fi.

Ta fuskar kuɗi, gashi yana cin nasa a dunƙule: aiki, na'ura, mota, masauki, mai jinya, duk cikin mako ɗaya. Allura tana ci a tsintsinke, kwalbar ba ta da tsada sosai, amma a lissafa kuɗin ganin likita da na mota sau takwas ko goma, da ranakun da za a bar kasuwa ko ofis. Ga wanda asibiti ke bayan gidansa, allura ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ga wanda zai yi tafiyar yini kowane zama, lissafin yakan juye.

Abu biyu kuma da ba su da alaƙa da wanne aka zaɓa. Na ɗaya, a nemi a kai naman da aka yanke ɗakin gwaji. Akwai wani ciwon daji na fata mai tafiyar hawainiya da ke kama da kiloyid, musamman in tsiron ya fito inda ba a taɓa jin ciwo ba, kuma maganinsa daban ne. Na biyu, ba a cewa an warke sai an shekara biyu. Yawancin masu dawowa a cikin wannan tsakani suke dawowa, kuma suna aiko da manzo: ƙaiƙayi, ja, ɗan tauri a wani gefen ɗinki. Wanda ya koma a makon da ya ji haka, allura ɗaya ko biyu kan kashe maganar, ko da gashi aka yi masa tun farko. Hanyoyin biyu ba kishiyoyi ba ne, sau da yawa ɗaya tana rufa wa ɗaya baya.

Ƙanwata allura ta zaɓa. Kunne ne, gidan mijinta bai fi kuɗin Keke Napep ɗaya da asibitin ba, shekarunta 21 a lokacin, kuma gaban wuya bai yi nisa da kunne ba. An yi mata ta farko a kan gadon aiki, sannan sau shida a jere, ta sa ɗan kunnen matsi wata goma, tana cirewa in za ta yi wanka ko in ya dame ta da dare. A wata na goma sha huɗu ta kira ni, "Yaya, wurin nan ya fara ƙaiƙayi." Washegari muka koma, aka ƙara biyu. Yanzu shekara uku ke nan, kunnen ya ɗan fi ɗayan gajarta, akwai ɗan fari a bayansa da ba ya ganuwa sai ta ɗaga ɗankwali. Maƙwabcinmu yana da dogon layi mai duhu a ƙirji, gefe ɗaya ya ɗan taso an bi shi da allura sau uku, ya koma kan hanyarsa ta Legas.

Da ta haifi 'ya mace bara, ranar suna Goggo ta zo da allura da zare za ta huda wa jaririya kunne. Ƙanwata ta rungume 'yarta ta ce, "Goggo, ki bari sai na tambayi likita." Har yau ana wannan shari'ar a gidanmu, kunnen yarinya kuma ba huji.